Fitsarin Jiya da Rabin Lita

Aikina shara da goge-goge ne a makarantar koyon jinya da ke jikin asibiti. A aji huɗu na firamare karatuna ya tsaya, amma ina iya karanta lamba, ina kuma iya rubutu idan ba a tsaya mini a ka ba. A gida Auta ake ce mini. A makaranta ba mai kirana da komai, sai dai in ji an ce, "Ke, zo ki goge nan."

Ɗakin da na fi so shi ne ɗakin gwaji, inda aka ajiye wani mutum-mutumin roba a kan tebur. Ba hannu, ba ƙafa, cikinsa a buɗe. Ɗalibai suna ce masa Ango, wai kullum yana zaune mata sun kewaye shi, shi kuwa ko uffan. Duk ranar Litinin nakan ciro kayan cikinsa ɗaya bayan ɗaya in goge, huhu da hanta da hanji. Idan na kwashe su duka, can baya kusa da ƙashin gadon baya akwai wasu abubuwa biyu masu siffar wake, kowanne kamar dunƙulen hannuna. Shekara biyu ina goge su ban taɓa tambayar aikinsu ba, sai da aka kwantar da Baba.

Baba direban babbar mota ne. Zaman kujera ya bar masa ciwon baya, ya saba watsa ƙwayar maganin ciwon jiki a baki kamar mai cin gyaɗa. A tafiyarsa ta ƙarshe amai da gudawa suka kama shi a hanya. Bai tsaya ba, ya ƙara ƙwaya ya ci gaba da tuƙi har kwana uku. Da ya iso gida sai fitsari ya ɗauke masa. Likita ya ce ƙodojinsa ne suka suma. Ya ce ba mutuwa suka yi ba, suna iya farfaɗowa cikin mako biyu ko uku, suna kuma iya ƙi. Ya ce abin da za a yi ta dubawa shi ne fitsari.

Sun so su sa masa robar fitsari, Baba ya ce ƙafafunsa biyu suna aiki, zai kai kansa banɗaki. Sai Sista mai kula da ɗakin maza ta kawo wani kofin awo na roba, babba, mai layuka da lambobi a jiki.

Ta ce, "Duk abin da ya fitar daga safiya zuwa safiya a tara shi nan. Abin da aka samu, a ɗora rabin lita a kai. Shi ne ruwan da zai sha washegari. Shayi ne, romo ne, ruwan shan magani ne, duk a ciki suke. Wa ya iya lamba a cikinku?"

Inna ta nuna ni da haɓa.

To, Baba ba zai miƙa wa 'yarsa fitsarinsa ba, ko zai mutu. Inna kuma ba ta karanta lamba. Sai muka raba aikin. Shi zai ba Inna a ƙofar banɗaki, ita ta ajiye ta rufe da tsumma. Da safe kafin in shiga aiki ta fito mini da kofin wajen famfo a bayan ɗakin, in durƙusa in duba layi, in rubuta a takardar da ke maƙale a ƙarshen gadonsa. Daga nan in auna masa ruwan ranar a gora. Ni da Baba ba mu taɓa ambaton sunan abin ba. Yakan ce, "Auta, me mota ta yi jiya?"

Ranar farko mota ta yi ɗari da hamsin. Na auna masa ɗari shida da hamsin. Gorar ko rabi ba ta kai ba, a ciki kuma zai sha magani sau uku.

Ban taɓa sanin ƙishirwa tana canja wa mutum murya ba. Kwana biyu kawai, leɓensa ya tsattsage, harshensa ya yi nauyi, idan yana magana sai ka ji kamar ana jan takarda a ƙasa. Mutumin gadon kusa da shi kuwa an ce ya yi ta shan ruwa saboda tsakuwar ƙoda, yini yake yi yana ɗaga gora, maƙogwaronsa na ƙwat-ƙwat. Baba sai ya juya fuska bango.

Inna ta cika kofin shayi da ruwa ta ɓoye a mayafi ta matso.

"Direba, kurɓa ɗaya. Wa zai sani?"

"Ni zan sani."

"Ruwa ne fa, ba guba ba."

"Innar yara, shekara talatin da ɗaya ina tuƙi ban taɓa tsallake jar wuta ba, ko titi ba kowa. Sai yanzu da na kwanta? Abin da Auta ta auna shi zan sha."

"Kai dai taurin kai ne zai kashe ka, ba ƙoda ba."

"To, kin ga likita ya huta."

Ta mayar da kofin ta ajiye, ta daɗe tana kallon bakinsa.

Rana ta huɗu na durƙusa wajen famfo na ga ruwan ya kai layin ɗari uku. Na goge ido na sake dubawa. Washegari ɗari shida. Washegari ɗari tara. Na shiga ɗakin kamar in yi gudu. Baba ya ce, "Kin ji ko? Injin ya tashi. Tsohuwar mota sai an tura." Ya sha ruwansa yana lumshe ido, har ya ɗaga wa maƙwabcinsa gora, ya ce yanzu sun zama abokan hanya. Inna ta yi murmushi ta sunkuyar da kai tana ninke zanen gado.

Launin fitsarin ma ya canja. Da farko kamar baƙin shayi yake, yanzu ya yi haske. Akwai wata ɗaliba 'yar aji biyu da ake ce wa Tabarau, ita kaɗai ce take gaishe ni a makaranta. Na yi kwana biyu ina juya tambayar a baki kafin na tare ta a bakin matakala. Ta ce yawanci in ya yi haske ya kuma ƙaru, alama ce mai kyau. Ta dafa kafaɗata ta ce, "Allah ya ƙara sauƙi, ƙanwata." Ranar na goge tagogin da ba a sa ni ba.

Ranar Alhamis likita ya zagayo. Ya duba takardata, ya duba sakamakon gwajin jini, ya ɗan ɓata fuska. Ya ce jinin bai gyaru ba tukuna, amma akan yi haka, fitsari ya fara dawowa, jini ya biyo baya. Ya taɓa idon sawun Baba ya ce akwai ɗan kumburi, zai saɓe tunda hanya ta buɗe. Ya ce, "Wa ke rubuta wannan? Rubutu tsaf." Baba ya ce, "Autata ce." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, amma daɗi na ji.

Ranar Juma'a da safe Malama ta shiga ɗakin gwaji da 'yan aji ɗaya, ta sa aka kwashe cikin Ango. Ina goge baranda, ƙofa a buɗe. Da na ga ta ɗaga waken nan guda sama, sai hannuna ya rage sauri. Wuri ɗaya na yi ta gogewa har ta gama.

Ta ce ƙoda matatar jini ce. Jinin jiki gaba ɗaya yana bi ta cikinta yana dawowa, ba dare ba rana. A yini guda tana tace ruwan da ya kusa cika durom, amma ba ta zubar da shi, tana mayar wa jiki kusan dukkansa, ta ware dattin da ɗan ruwa, kamar lita ɗaya da rabi. Ta bi da yatsa kan wasu siraran bututu biyu da suka sauko daga ƙodojin zuwa mafitsara, ta ce nan yake taruwa har mutum ya ji matsuwa, sannan ya fita ta bututu ɗaya na ƙasa.

"To, idan matatar ta tsaya, mutum kuma yana ta sha, ina ruwan yake tafiya?"

Wata daga baya ta ce, "Hawaye, Malama. Ranar jarrabawa yake fita."

Aka yi dariya, har Malama.

"Ke dai naki zai fita, na gani. Ruwan ba ya zuwa ko'ina. Yana nan. Ya fara sauka ƙafa, ya hau ƙauri, ya cika ciki. Daga nan sai ina?" Ta ɗauki huhun Ango daga kan tebur ta ɗaga. "Mutum yana kwance a kan busasshen gado ruwa ya ci shi. Saboda haka kada ku tsaya kan takarda kawai. Ku danna ƙaurin majiyyaci da babban yatsa, ku ƙirga biyar, ku ɗaga. In ramin ya zauna, ku nemi likita. Ku tambaye shi da filo nawa yake kwana."

Baba da filo ɗaya ya zo. Ranar Laraba ya ari na biyu. Jiya na ga Inna ta naɗe masa bargo ta ƙara a baya.

Da aka tashi na tafi ɗakin maza. Takalmansa na roba suna ƙarƙashin gado, na tuna tun jiya yake jan su da yatsu saboda ƙafar ta ƙi shiga. Na ce, "Baba, in matsa maka ƙafa?" Ya ce Allah ya yi mini albarka. Na matsa, na matsa, sannan na danna ƙaurinsa na ƙirga biyar a zuci. Na ɗaga. Ramin ya zauna kamar na danna cikin kwaɓaɓɓiyar fulawa. Na ja zane na rufe.

Na je teburin Sista. Gado talatin take da su, tana rubutu da hannu ɗaya, waya a kunne, wani yana kiranta daga ƙarshen ɗaki. Na tsaya. Na shirya maganar tun daga bakin gado, amma da ta ɗago ta ce, "Mene ne?" sai na ji maganar ta gudu. Wace ce ni? Mai shara ce da ta saurari darasi ta ƙofa. Likita da kansa ya taɓa ƙafar jiya ya ce za ta saɓe. Takarda kuma ta ce dubu da ɗari biyu, da hannuna na rubuta.

Na ce, "Ba komai, Sista. Sannu da aiki."

Asabar ba makaranta, sai na yi sammako fiye da kullum. Ban tarar da Inna a bakin gado ba. Na zagaya baya wajen famfo. Tana tsugune, ta ba ni baya, kofin awo a gabanta, buta a hannunta. A gindin kofin akwai ɗan abu baƙi-baƙi da ko layin farko bai kai ba. Tana tsiyaya ruwan buta a kai a hankali, ta tsaya ta gwada da yatsunta huɗu a jikin kofin, ta ƙara kaɗan.

Na ce, "Inna."

Butar ta faɗi daga hannunta.

Ba ta yi musu ba. Ta share hannu a zane ta ce, "Ba zai sha daga hannuna ba. Sai abin da takardarki ta ce. To me zan yi? Kin ga bakinsa kuwa? Ranar nan jini na gani a leɓensa. Shekara talatin da ɗaya ina miƙa wa mutumin nan ruwa in ya dawo daga hanya, yanzu in zauna da gora a hannu yana kallona?"

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da kika yi murna."

"Inna, ruwan yana cikinsa. Bai fita ba. Duk yana ciki."

"Ruwa ne fa, Auta. Ruwan famfo mai tsabta. Kin ga yadda ya sake, har wasa yake yi da mutane."

Na so in gaya mata maganar matata da durom da huhun Ango, amma a bakina abin bai haɗu ba. Na ce mata kawai ƙafarsa ta kumbura. Ta ce ai kwanciya ce. Sannan ta kama hannuna da hannayenta biyu masu jiƙe.

"Kada ki faɗa masa. In ya ji na sa shi ya karya doka bai sani ba, ba zai sake kallona ba. Na daina daga yau. Ki rufa mini asiri, ni na haife ki."

Na kalli kofin. Ba yadda za a yi a raba na buta da na Baba. Na zubar, na ɗauraye. A takarda ban rubuta komai ba. Baba ya ce, "Me mota ta yi jiya?" Na ce biro ne ya ƙi. Ya ce to in auna masa kamar na jiya. Inna tana tsaye a bayana, ina jin numfashinta. Na auna rabin lita kawai na ce sauran sai an jima. Ya dube ni. Maganar ma a gajarce yake yin ta, kalma uku ya huta.

Na fita na zauna a kan matakala. In na faɗa, na tona Inna. In na yi shiru, ruwan yana hawa. Na yi ta zama ina fatan wani ya zo ya gani da kansa, ni ba sai na buɗe baki ba. Masu kawo abinci suka shiga suka fita. Ba wanda ya ɗaga zanen.

Wajen azahar Inna ta leƙo ta ce in zo. Baba ya zauna a bakin gado, ya dafa gwiwoyinsa, kafaɗunsa suna hawa suna sauka. A ƙirjinsa ana jin wani ƙara kamar ana hura iska a kofin ruwa da tsinken shan lemo. Ya ce, "Zafi ne... ku buɗe... taga." Tagar a buɗe take.

Allah ya sa Tabarau tana aikin koyo a ɗakin ranar. Na same ta tana gyara wani gado, na ja bakin rigarta. Ban iya kallon fuskarta ba, takalminta na gaya wa. Na ce lambobin ba gaskiya ba ne, kwana shida ke nan, ruwan buta ne, na gaskiyar bai kai layin farko ba. Ba ta tambaye ni wa ya zuba ba. Ta saki zanen gadon ta ruga.

Abin da ya biyo baya da sauri ya faru, ni dai ina manne da bango. Aka ja labule, aka sa masa abin shaƙar iska a fuska, aka kira likitar da ke aiki ranar. Aka sa robar fitsarin da ya ƙi tun farko, wannan karon ba shi da numfashin yin gardama. Likita ta fito da takardata a hannu.

"Wa ke rubuta wannan?"

Na ce, "Ni ce."

"Kin san abin da kika yi kuwa?"

Na sunkuyar da kai. Da ta ci gaba da faɗa da na ɗauka duka, ya fi mini sauƙi. Sai na ji muryar Inna a bayana, da ƙarfi, yadda duk ɗakin zai ji.

"Abin da na kawo mata ta rubuta. Ni na zuba. Ƙishirwa yake ji."

Labulen bai kai bango ba, ta gefensa ina hango idon Baba a saman abin shaƙar iskar. Ya ji.

Da yamma suka kai shi wankin ƙoda. Awa huɗu injin yana jan jininsa yana mayarwa, aka ce an cire masa ruwa lita uku. Ya dawo a galabaice, amma yana iya kwanciya. Likita ta ce za a sake jibi, a sake bayan jibi. Na daure na tambaye ta ko ruwan ne ya hana ƙodojin tashi. Ta ce huhu ne ruwan ya taɓa, ƙodojin kuwa tun farko ba su motsa ba. Ta ce har yanzu da sauran lokaci. Ba ta ce nawa ba.

Yanzu ba kofi, ba buta. Wata jakar roba ce rataye a gefen gado, da layukanta, ma'aikata ne ke karantawa su rubuta. Ni ba a bar mini komai ba sai auna gora. Baba ya yi kwana biyu bai yi wa Inna magana ba. Tana zaune a kujerarta, in ya juya dama ta ga ƙeyarsa, in ya juya hagu ya rufe ido.

Litinin na shiga ɗakin gwaji na kwashe cikin Ango. Na ciro ƙodar hagu na goge, na juya ta a hannuna. Yanzu na san ta inda jini yake shiga da ta inda fitsari yake fita, zan iya nuna wa kowa. Na mayar da ita gurbinta ta shiga da ɗan ƙara, ƙwas.

Da na koma ɗakin maza Baba ya ce, "Auta, me mota ta yi jiya?"

"Ɗari da ashirin, Baba."

"To. Ɗari shida da ashirin ke nan." Ya lashi leɓe. "Zuba mini a murfin gora, ya fi daɗewa."

Na zuba na miƙa. Bai karɓa ba.

"Ba innarki ta ba ni. Hannunki rawa yake yi." Bai dube ta ba ya ƙara da cewa, "Murfi ɗaya na ce, Innar yara. Ina kallonki."

Ta karɓa da hannu biyu ta kai bakinsa. Nata hannun ya fi nawa rawa, amma ko ɗigo bai zuba ba.

Da barci ya ɗauke shi ta ce in kawo biro. Ta sa na ja mata ɗan layi a jikin jakar daidai inda fitsarin ya tsaya, tunda ita ba ta gane lamba. Ta ja kujerarta ta dawo gefen jakar, ta naɗe hannayenta a cikin mayafi. Na zauna a ƙasa kusa da ita. Siririn bututun ya sauko daga ƙarƙashin zane, akwai ɗigo ɗaya maƙale a lanƙwasarsa.

Can ta ce, "Idona ba ya gani sosai. Ya wuce layin?"

Na matsa na duba.

"Bai wuce ba tukuna, Inna."